Tashar da aka rushe: ihu bayan hari ne?

Wani mai karatu da ke zaune a New York ya aiko da tambaya biyu. Kullum yana shiga jirgin ƙasa a tashar Pennsylvania da ke birnin, kuma an ce masa akwai wani katafaren gini a wurin da aka rushe, sai bayan nan aka yi dokar kare tsofaffin gine-gine. Shin wannan ne ihu bayan hari? Kuma "tasha" daga "tashi" ta fito?

Ta biyun ba ta da wuya. A'a, Malam. Aro ce daga station ta Turanci. Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, don haka ko ya cusa wasali, kamar a sito da sitiyari, ko ya yar da ɗaya, kamar a nan. Daga baya ta haifi tashar mota, tashar rediyo, har da ɗan tasha.

Ta farkon ce ke son zama. Hari shi ne mahara su faɗo wa gari, su kore dabbobi, su ɓace. Ihun da aka yi bayan ƙurarsu ta lafa ba ya dawo da ko ɗan akuya. Sharaɗin karin maganar ke nan: ihun ya zama na banza.

To, mu auna. An buɗe tashar a 1910, zauren jiranta an kwaikwayi wuraren wankan Caracalla na tsohuwar Rum. Motoci da jiragen sama suka janye fasinjoji, kamfanin jirgin ƙasan da ke da tashar ya shiga matsin kuɗi, aka fara rusau a Oktoban 1963. An kwashe ɓaraguzan duwatsun aka zubar a fadamun New Jersey, aka ɗora zauren wasanni na Madison Square Garden a inda tashar take, jirage suka ci gaba da zirga-zirga a ƙarƙashin ƙasa. Nan kake bi kullum.

Amma an yi ihu kafin harin, domin masu zanen gine-gine sun yi zanga-zanga a ƙofar tashar a 1962, ba a dai saurare su ba. Dokar kare tsofaffin gine-ginen da aka yi a 1965 kuwa ba ta tashi a banza ba: ita ta ceci Grand Central, wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a New York, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hakan a 1978.

Ni da zan zaɓa maka, sai in ce: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun Pennsylvania ya ƙone, aka shafa wa na Grand Central ruwa.