Amsa ga mai son ɗora wa Corolla rim 18

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun da safe na ga tambayarka, na bari sai da na dawo daga sallar isha'i don in samu natsuwar amsa maka, domin magana ce da ta taɓa ni. Ka ce ka sayi Corolla ta 2006 shigowar Amurka, kullum da ita kake zuwa aiki daga Birnin Kebbi zuwa Jega ka dawo, ka ga wasu rim masu inci 18 sun shiga ranka, kana tambaya ko za su hau motar, kuma da wace taya za ka haɗa su. Allah ya sanya alheri a motar, ya tsare ka da sharrin ƙarfe.

Za su iya hawa, in ramukansu sun dace. Amma da ƙanena ne kai uwa ɗaya uba ɗaya, zan ce ka bar su a shagon. Ga dalili.

Je ka duƙa gefen tayar da ke motarka yanzu. In ba a canza ta ba, za ka ga an rubuta 195/65 R15, ko 185/65 R15 in ƙaramin samfurin ce. 195 ɗin faɗin taya ne a milimita. 15 girman rim ne a inci. Shi kuwa 65 na tsakiya, wanda yawancinmu ba ma kula da shi, shi ne kan maganar gaba ɗaya: yana nufin tsayin bangon taya, wato robar nan da ke tsakanin bakin rim da ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗinta. Ka lissafa, zai ba ka milimita 127 ko kusa da haka. Wannan bangon shi ne ke fara karɓar duka kafin shokabzoba ta ji komai. Rami, tudun rage gudu, bakin kwalta da ya zaizaye, dutse, duk shi ke haɗiye su.

Matsalar ita ce ramin da taya ke zama a jikin mota ba ya ƙaruwa don ka sayi babban rim. Tsayin ƙafar gaba ɗaya, rim da taya a haɗe, milimita 635 ne a motarka, kuma dole ka tsaya kusa da wannan. Saboda haka duk incin da ka ƙara wa ƙarfe, daga roba ka cire shi. In ka hau 16, tayar da ta dace ita ce 205/55 R16, bangonta ya sauko zuwa 113. In 17 ne, 215/45 R17, ya koma 97. Rim 18 ɗin da kake so kuwa, 225/40 R18 za a ɗora masa, bangonta milimita 90 kacal. Daga 127 zuwa 90, ka zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke kare ka daga hanya. A ƙasar da aka ƙirƙiro wannan ado, titi shimfiɗe yake kamar tabarma. Kai kuma ka san yadda hanyoyinmu suke komawa in damina ta yi nisa.

Ni ba ji na yi ba. Shekarun baya ina da irin motarka, launi ne kawai ya bambanta, na sa mata 17 da taya 215/45. A cikin gari ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, kuma a kwana tana kama ƙasa fiye da da. Wata rana cikin watan Agusta na ɗauko iyali za mu Yauri ta'aziyya, bayan mun wuce Koko magariba ta kawo jiki, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ba gudu nake yi sosai ba. Ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Da na tsaya, tayar gaba ta dama ta yi ƙullutu a gefe kamar ƙwai, ta baya kuma tana fitar da iska a hankali, ashe bakin rim ɗin ne ya tsage. Safaya ɗaya ce a but, ƙafa biyu suka lalace. Mai facin da muka samu a ƙauyen gaba mutumin kirki ne, ya zazzage duk abin da ke rumfarsa, 14 da 15 ne kawai. Ya ce min da rim na ƙarfe ne da ya buga shi da guduma ya miƙe, mu lallaɓa mu isa gari, amma aloi, wato rim na alminiyam irin nawa, in ya tsage sai walda. Mahaifiyata na cikin motar, ga yara. A gidan wani bawan Allah da bai taɓa ganinmu ba muka kwana. Har yau in na tuna yadda tsohuwa ta zauna a bakin hanya cikin duhu da sauro saboda abin da ni na zaɓa don ado, raina ba ya min daɗi. Da na dawo gida na mayar da 15, ban sake waiwayar manyan rim ba.

Ƙullutun nan, don Allah kowa ya ji, ba ya gyaruwa. Zaruruwan cikin bangon ne suka tsinke lokacin da rim ya matse robar a bakin rami. Taya mai ƙullutu ta gama aiki ko da zanenta sabo ne fil, kuma a zafin Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40 kwalta na tururi, ita ce ke fashewa ana cikin gudu.

Akwai kuma abin da ba ya zuwa da ƙara, sai dai a hankali. Babban rim da faffaɗar taya sun fi nauyi, injin 1.8 na motarka zai riƙa jan abin da ba a auna masa ba, za ka ji ta yi nauyin tashi, mai kuma zai ƙaru. Tun da aka cire tallafi a 2023 babu wanda zai ce wannan ƙaramin abu ne, balle mai zuwa Jega kullum. Dukan da roba ta daina shanyewa kuwa yana wucewa ne zuwa boris, da tayarod, da shokabzoba. Za ka fara zama ɗan gida a garejin bakanike ba tare da ka danganta abin da rim ba.

To me zan ba ka shawara? In kwalliya kake so, kuma ba laifi ba ne mutum ya so motarsa ta yi kyau, nemi aloi mai kyau na inci 15 ka ci gaba da 195/65. In zuciyarka ta ƙi, hau 16 da 205/55, iyakarka ke nan. Tsayinta 632, bambancin milimita 3 ne da na asali, sipidomita ba za ta yi maka ƙarya ba, kuma girma ne da ake samu cikin sauƙi saboda Corolla ta 2009 zuwa sama da yawa da shi suke zuwa. Wasu direbobinmu masu shiga ƙauye ma akasin naka suke yi, suna sa 205/65 R15 don motar ta ɗan ɗaga. Wannan yana ƙara tsayin ƙafa da kusan kashi 2 cikin 100, wato in allura ta nuna 100 kana kan 102, gindin motar kuma ya tashi da milimita 6 ko 7. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada bambanci ya wuce kashi 3 cikin 100. Na gwada shi, ya yi min, sai dai ka loda motar ka murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka tabbatar ba ta gogar komai.

Yanzu ga abin da za ka duba a jikin rim ɗin kansa, ko wane girma ka tsayar, domin nan ne ake cutar mutane.

Ramukan noti. Motarka biyar gare ta, a kan da'ira mai milimita 100, shi ake rubutawa 5x100. Camry da Accord su ma biyar ne, amma nasu 5x114.3, ba za su hau taka ba. Corolla shigowar Turai ta waɗannan shekarun kuma huɗu gare ta. Kada ka yarda da "ai duk biyar-biyar ne". Masu Camry da ke karanta wannan, ku ma ku kula: rim ɗin Mercedes 5x112 ne, yana kusa da naku har a iya tura shi da ƙarfi a ɗaure. Kusoshin suna zama a karkace, wata rana su karye. Na ga an yi, kuma na ga wanda ya sa aka faɗaɗa ramukan da injin huda don su dace. Wannan wasa da rai ne.

Sai ramin tsakiya. Na Corolla milimita 54.1 ne, shi ke zaunar da rim daidai a cibiyar ƙafa. Rim ɗin kasuwa yawanci ana yi musu rami mai faɗi don su hau motoci iri-iri, sai a cike gibin da wani ɗan zobe na roba ko alminiyam. In babu zoben, za ka iya yin balansin sau uku sitiyari bai daina rawa a babban titi ba. Ka tambayi zoben tun kafin ka biya.

Abu na uku shi ne wanda ban taɓa jin mai sayarwa ya ambata da kansa ba. Juya rim ɗin, a bayansa za ka ga ET da lamba, da kuma faɗinsa, kamar 6J ko 7.5J. ET ke nuna ko rim zai shige ciki ko zai turo waje. Na asalin motarka faɗinsa inci 6 ne, ET 45. In ka ɗauko mai faɗin 7.5 da ET 35, bakinsa zai fito waje da kusan milimita 29. Motar tana fanko ba za ka ga komai ba. Ranar da ka ɗauki mutum huɗu da buhun shinkafa biyu daga Argungu, bayan ya zauna, bakin bodi zai riƙa yankar taya a kowane gargada. Ka tsaya kusa da lambar asali gwargwadon iko.

Notuna ma ba ɗaya ba ne. Aloi na asali na Toyota notinsa mai washa ne shimfiɗaɗɗe, na kasuwa kuwa galibi mai tsinin baki suke so. In aka haɗa su ba daidai ba, notin zai yi kamar ya ɗauru alhali bai zauna ba. A ɗaure su bi da bi ana tsallake ɗaya, ba a jere ba, kuma kada yaron shago ya hau kan sifana da ƙafa yana tsalle. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka koma a sake taɓa su. In rim ɗin na hannu ne, wanke cikinsa ka duba da fitila, sabon fenti a wuri ɗaya sau da yawa walda yake rufewa.

Kuɗin da ka tanada na rim 18, ni a ganina taya ya kamata ya tafi. Sabuwa, ba 'yar Baljiyam ba. Na san halin da ake ciki, na kuma san araharta ke jan mutane, amma araha ba ta ado. Da yawansu tayoyin hunturun Turai ne, za ka gane su da hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don sanyi, a kwaltarmu narkewa take kamar man shanu. Ko sabuwa ce, nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, musamman wadda ta sha rana a ƙofar shago, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC suna duba wannan lambar a hanya. Bayan girman taya akwai wata lamba da harafi, misali 91H. 91 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615, H kuma gudun da za ta jure har kilomita 210 a awa. Kada ka sauka ƙasa da lambar da motar ta zo da ita, mu da ba ma tafiya mu kaɗai. Inda aka rubuta TEMPERATURE kuma, A ta fi B jure zafi, B ta fi C. A Kebbi ni A nake nema.

In biyu kawai za ka iya saya yanzu, kamfanonin taya suna cewa a sa sababbin a baya. Na san mun saba da akasin haka. Dalilinsu shi ne in gaba ta zame a ruwa direba yana ji a sitiyari ya gyara, in baya ce ta zame motar juyawa take.

Iska kuma, buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi. A irin motarka 30 PSI (ma'aunin iskar taya) za ka gani. Masu faci da yawa 40 ko 45 suke bugawa saboda sun ga babbar lamba a jikin taya, alhali waccan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya ke cinyewa, mota ta riƙa tsalle. In ta yi kaɗan bango ke lanƙwasa yana ɗaukar zafi, shi ne ma ya fi haɗari a doguwar tafiya. Sayi ɗan ma'auninka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da sassafe kafin ka fita, safaya ma kada ka manta da ita.

Ɗauko mana hoton takardar jikin ƙofar, da na rubutun bayan rim ɗin da ka gani, ka turo nan mu duba tare. In kuma kana gari ranar Asabar, ni ina wajen Gesse, yi min magana mu je shagon da motar, a ɗora ƙafa ɗaya a gwada a gabanmu kafin kuɗi ya fita daga hannunka.