Me ake nufi da "take the edge off"?

Ɗan'uwa, ka ce wata nas a Ingila ta miƙa wa ƙaninka magani ta ce "this will take the edge off", kana son sanin ko warkewa take nufi. A'a, ba warkewa ba ce.

Kalmar "edge" a nan bakin wuƙa ce, wato kaifinta. In ka goga wuƙa a dutse har ta dakushe, tana nan a wuƙarta, sai dai ba ta yanka kamar da. To haka maganar take: ciwon yana nan, raɗaɗinsa ne zai lafa har mutum ya samu ya runtsa. Mu sai mu ce ya rage kaifin ciwon, ko ya ɗan sassauta.

Ba ciwo kaɗai ba. Ka dawo gida da azahar cikinka na ƙugi, tuwo bai sauka ba, ka watsa gyaɗa cikin hannu ɗaya a baki, ka kora da ruwa. Ba ka ƙoshi ba, amma "it took the edge off my hunger". Ana faɗinsa kan sanyi, fargaba, har da fushi. Abin da aka rage shi ke biyo bayan "off" kai tsaye, ko kuma a tsaya a "off" ɗin.

Amma ka lura: in Bature ya tashi daga aiki ya ce yana son "something to take the edge off", sau da yawa giya yake nufi. Kada ka ce a ƙaro maka.