Babur da mota masu caji: shin da gaske suna taimakon muhalli?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun da safe, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana son sayar da Boxer ɗinka ka cika kuɗi ka sayi babur mai caji, amma kana jin magana biyu, wasu na cewa waɗannan motoci da babura masu lantarki su ne za su gyara muhalli, wasu kuma na cewa duk dabarar Turawa da 'yan China ce don su sayar da kayansu, shine kake son sanin ina gaskiyar take. Toh ni sana'ata haɗa sola ce da gyaran injin ban ruwa a nan yankin Auyo da Haɗeja, batir da inbata su nake taɓawa kullum, don haka ta inda na sani zan ba ka amsa.

Eh, yana taimakawa, amma fa ba kowane lokaci ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci, ina wutar da ka yi caji da ita ta fito, sannan ina batirin zai je ranar da ya mutu. Su masu talla ba za su tsaya su yi maka wannan bayanin ba.

Bari mu fara da fetur ɗin da muka saba. Duk lita ɗaya da ka ƙona tana sakin wajen kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ita ce babbar mai jawo ɗumamar yanayi. Kuma abin takaicin shine yawancin man ba tafiya yake zama ba, zafi yake zama. Ka taɓa kan injin babur ɗinka bayan ka dawo daga Kafin Hausa ka ji, wannan zafin da ya hana ka ɗora hannu kuɗinka ne ke tashi a banza, abin da ke juya taya bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba. Na'urar da ke juya tayar mai lantarki kuwa sama da kashi 80 take mayarwa tafiya. Ba salansa, ba fulogi, ba juyen baƙin mai. Wannan na ƙarshen ma kar ka raina shi, je ka tsaya a rumfar duk wani bakanike a bakin tasha ka kalli ƙasar wurin, ta yi baƙi ƙirin ta daskare, ko ciyawa ba ta fitowa, in damina ta zo ruwa ya wanke ta ya kai kududdufin da shanu ke sha yara na wanka. Ga kuma haɗarin dakon man kansa a kan titi, mu mutanen Jigawa ba sai an faɗa mana ba, watan Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, sama da mutum 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama Ya ba iyalansu haƙuri. Duk wannan yana cikin lissafin fetur ko da ba a rubuta shi a jikin famfon gidan mai.

Toh amma mai caji ba ya haifar da wutarsa da kansa. In ka ji ana misali da Norway, inda a 2024 kusan kashi 89 na sabbin motocin da aka saya masu lantarki ne zalla, ka sani su wutarsu kusan duk daga madatsun ruwa take, shi ya sa lissafinsu ya fita tsaf. Habasha ma da ta hana shigo da motocin fetur da dizal a 2024 ta dogara ne da babban dam ɗin da ta gina a kan kogin Nilu. China ta fi kowa ƙera su da sayensu, amma har yanzu fiye da rabin wutarta daga kwal take, don haka ribar da muhalli ke samu a can ba ta kai ta Norway ba duk da dai akwai ta. Mu a Najeriya yawancin wutar ƙasa daga iskar gas ake samunta, sauran daga madatsun ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, kaga in da wutar layi za ka yi caji, lallai ka fi mai ƙona fetur tsafta nesa ba kusa ba. Matsalar dai ina wutar? Megawat 4,000 zuwa 5,000 ake rabawa mutum sama da miliyan 200, ƙauyuka da yawa ko turke babu, inda akwai turken ma sai a yi kwanaki ba a ga ƙyallinta ba.

Nan ne mutane ke faɗawa rami, sai su koma janareta. Da Sallar da ta wuce wani bawan Allah da ke aiki a birni ya zo gida da mota mai caji, gari ya taru ana kallo ana mamakin yadda take tafiya shiru ba ƙara. Da dare aka aiko a kira ni wai cajin na yankewa, na je na tarar an jawo waya daga janareta a zaure, tana ta ruri tun magariba, hayaƙi ya cika soron har ido na yaji, yara na kwance a tabarma ba nisa, ga galan biyu na 'yan bumburutu a gefe ɗaya ya riga ya ƙare. Abin da na fara yi shine na sa aka fitar da injin waje, don wannan hayaƙin a rufaffen wuri kisa yake ba ya sallama. Wallahi abin ya dame ni. Motar ba ta da salansa, gaskiya ne, amma an ciro salansar ne an ajiye ta a ƙofar ɗakin iyali.

Ga lissafin da zai shafe ka kai tsaye. Yunit ɗin wutar da zan ambata irin na mita ne mai kati. Ƙaramar janareta in ta sha lita ɗaya da ƙyar take ba ka yunit 2, sau da yawa ma ba ta kaiwa. Babur mai caji yana cin wajen yunit 4 a tafiyar kilomita 100, ka ƙara da abin da ke ɓacewa wajen caji, kaga ka ƙona lita biyu da wani abu. Boxer ɗinka mai lafiya ma ai kusan abin da zai sha kenan a wannan tafiyar. Toh me aka yi kenan? Ba ka rage hayaƙi ba, ba ka rage kashe kuɗi ba, sai ɗawainiya da ka ƙara wa kanka.

Abin da ya sa duk da haka nake goyon bayan abin nan da zuciya ɗaya shine rana. Allah Ya hore mana ita har ta yi yawa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya zo ya haura 1,000 a 2024, na ga yadda manoman rani a fadamar nan suka riƙa ajiye injin fetur suna komawa famfon sola, masu shinkafa, masu alkama, masu tumatir da albasa. Babu wanda ya yi musu wa'azin sauyin yanayi, aljihu ne ya yi magana, amma yanzu ka shiga fadama da hantsi wuraren da da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar inji, sai ƙarar ruwa kawai, kuma babu wannan man da ke yawo a saman ruwa. Irin wannan hanyar ce nake ganin babur da ɗan sahu za su bi. Fanel ɗaya mai wat 550 yana ba da wajen yunit biyu da rabi a wuni in rana ta buɗe kuma kana goge masa ƙura, musamman lokacin hunturu, kaga biyu sun ishi babur. Mota kuwa batirinta yunit 40 zuwa 60 ne, sai ka jera fanel wajen ashirin kafin ka cika ta a wuni guda, shi ya sa nake cewa mu a karkara maganar mota ba tamu ba ce tukuna, tamu ita ce babur da adaidaita sahu. Kuma ba sabon tunani ba ne, tun 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Sai dai ka lura da abu ɗaya, lokacin da rana ke bayarwa shine lokacin da kake kan hanya kana neman fasinja. Don haka ko dai ka samu babur mai batir biyu da ake cirewa, ɗaya na caji a gida ɗaya na aiki, ko ka haɗa baki da masu shagon cajin waya da suka riga suka kafa sola. Ni ina ga nan gaba su ne za su zama gidajen man ƙauye.

Yanzu maganar batir, kuma a nan masu cewa akwai lauje cikin naɗi suna da tasu gaskiyar. Ƙera batir yana fitar da hayaƙi mai yawa, har ta kai sabuwar mota mai caji ranar da ta fito daga kamfani ta fi ta fetur laifi. Kamar manomin da ya ci bashin taki ne, da nauyi ya fara, amma in amfani ya zo zai biya har ya samu rara, ita ma in tana samun wuta mai tsafta cikin shekara ɗaya zuwa biyu na aiki take biyan nata, daga nan sai riba. Sannan ma'adinan da ake yin batir da su, wajen kashi 70 na kobalt ɗin duniya daga Kwango ake haƙo shi, kuma an sha nuna yara ƙanana a cikin ramukan. Litiyam ma ga shi ana haƙa a nan Nasarawa, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024, kuma ramukan da ake yi ba bisa ƙa'ida ba suna cin gonaki suna ɓata ruwa. Wannan zalunci ne, dole a faɗa. Amma wanda zai kawo wannan hujjar ya tuna abin da haƙar mai ta yi wa ƙasar Ogoni da sauran Neja Delta, inda kifi da gona suka mutu. Bambancin shine ƙarfen cikin batir ana iya narkar da shi a sake amfani da shi, fetur kuwa in ya ƙone ya tafi sama kenan.

Abin da ya fi tsaya min a rai dai dalma ce. Da yawa daga cikin babura da kekuna masu arha da ake shigowa da su ba litiyam ne a ciki ba, batir ne mai dalma irin na mota ko na tsohuwar sola, an jera huɗu ko biyar a ƙarƙashin kujera. A zafinmu na Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga caji kullum ga sauke shi har ƙasa, ba ya daɗewa yake kumbura ya daina riƙe wuta. Daga nan sai wajen 'yan jari bola. Na sha ganin yadda ake yi da idona, a bayan kasuwa yaro zai sa guduma ya fasa shi, ya tuttular da ruwan batir ɗin a ƙasa, ya zaro farantan da hannu ba safar hannu ba komai, wani ma a narka a tsohuwar tukunya a kan murhu, ya gama ya sayi ƙosai ya ci bai wanke hannu ba. Ƙurar nan ba ta ruɓewa, tana nan a ƙasa shekara da shekaru, kuma ƙwaƙwalwar yara ƙanana take fara taɓawa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, can daga dutsen zinare ta fito amma gubar ɗaya ce. In aka cika ƙauyukanmu da irin waɗannan batura ba tare da tsarin karɓar matattun ba, toh mun rage hayaƙi mun zuba guba a tsakar gida, ni kam ba zan kira wannan gyaran muhalli ba.

Wani zai ce ai duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 na hayaƙin duniya, me babur ɗaya zai canza? Gaskiya ne, kuma in ana maganar hamadar da ke turowa ta Maigatari da Ɓaɓura, saran itace da gawayi sun fi salansar babur yi mana ɓarna. Amma iskar da kake shaƙa a tasha ranar kasuwa taka ce, ruwan kududdufin ma naku ne.

Don haka kafin ka saki Boxer ɗin nan ka je wajen mai sayarwa ka sa a buɗe maka batirin ka gani da idonka. Ka nemi litiyam nau'in da ake rubuta wa LFP ko LiFePO4, ba shi da kobalt, ya fi jure zafi, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma yana ɗaukar caji sau dubbai inda mai dalma ke ƙarewa a ɗaruruwa. Ka tambayi nawa ne sabon batir in wannan ya mutu, a ina ake samunsa, Kano ko sai Legas, kuma za su karɓi tsohon? Garanti a rubuce, ba na baki ba. Ka duba ko akwai mai gyaransa kusa da kai, ka gwada shi da kaya a hanyar burji da yashi ba a kan kwalta kawai ba, kar ka yi caji a ɗakin kwana ko ka bar shi rana na dukansa yana caji. In ba ka da sola kuma wuta ba ta zama a garinku, ka riƙe naka tukuna kana yi masa sabis a kan lokaci har ka tara na fanel. In ka samo wanda kake so ka ɗauki hoton rubutun jikin batirin da na cajar ka turo nan, in sha Allahu zan lissafa maka fanel nawa zai ɗauke shi.