Tambaya da Amsa: Wa Zan Ɗauka Ya Zama Jakadan Hajata a Kasuwannin Ƙauye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina sarrafa garin kunu na gero da waken soya da gyaɗa a wani gari da ke ƙaramar hukumar Ringim, kuma kayana suna da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Tallan da na sa a rediyo bai ƙara mini ciniki sosai ba, shi ya sa nake son ɗaukar matasa waɗanda za su riƙa zuwa kasuwanni suna dama kunun a gaban jama'a suna ba da ɗanɗano. An shawarce ni da in ɗauko masu dubban mabiya a TikTok daga birnin Kano. Su zan ɗauka ko wasu, kuma yaya zan biya su? Daga wata mai karatu, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a wannan sana'a. Shawarar da kika yanke ta kai kayan gaban mutane su ɗanɗana daidai ce, domin gani ya kori ji, kuma mutumin ƙauye da ya sha wahala kafin ya sami kuɗinsa ba ya sakin su a kan abin da ya ji labarinsa kawai. Sai dai ban goyi bayan ɗauko 'yan birni ba. Yawan mabiya a waya yana da amfani ga wanda masu sayen kayansa suke kan waya, amma magidancin da ya zo cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi ko ta Maigatari ranar Alhamis ba zai karɓi kofin kunu daga hannun baƙon da bai san asalinsa ba cikin sauƙi, balle ya saya ya kai wa iyalinsa. Abin da kike biya a wannan aiki shi ne amincin da jama'a suke da shi ga wanda ya miƙo kofin, kuma wannan aminci yana wurin ɗan gari.

Saboda haka ki fara neman jakadunki ta hannun mai unguwa ko dagaci, da shugabannin ƙungiyoyin mata, da malaman Islamiyya, kuma kowane wanda za ki ɗauka ya kawo babban mutum da zai tsaya masa. Kada ki wadatu da zama da shi kina yi masa tambayoyi. Ki ba shi garin da tukunya da ruwa, ya dama a gabanki, ya kuma yi wa mutum uku ko huɗu bayani kamar yana kasuwa. A nan ne za ki ga tsabtar hannunsa da farcensa, ki ga ko yana sauraron mutum kafin ya amsa, ki ga yadda fuskarsa take sauyawa idan wani ya ce kunun bai yi masa daɗi ba. Mai yawan surutu yakan tara mutane, amma mai haƙuri ne yake sa su dawo mako mai zuwa.

Akwai wani ɓangare da masu irin wannan talla sukan manta, alhali shi ne ya fi muhimmanci ga hajarki. Mai dama kunu a gida mace ce, kuma matan aure da yawa a yankinku ba sa zuwa kasuwa. Idan jakadunki duka maza ne, to maigida ne zai ɗanɗana, wadda za ta ce a sake saye kuwa ba ta san yadda ake dama shi ba. Kina buƙatar mata masu kamala, irin uwar adashi ko dillaliyar da aka saba da shigarta gidaje, waɗanda za su kai garin gidan suna da gidan biki da wuraren karatun matan aure, da izinin masu gida. A ganina ma, da su ya kamata ki fara kafin ki kafa rumfa a kasuwa. Ƙananan yara 'yan talla kuwa kada ki sa su cikin wannan aiki ko kaɗan.

Game da biya, kada ki ɗora shi a kan la'ada kaɗai. Wanda ba ya samun ko sisi sai ya sayar zai daina bayani ya koma matsa wa mutane, daga nan kuma sai ƙarya ta shigo. Ki yanka masa kuɗin wuni, ki ɗauki nauyin kuɗin mota da abinci, sannan ki ɗora 'yar la'ada a kan abin da ya sayar. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma kina iya raba shi da kwanakin aiki na wata domin ki sami ma'aunin da za ki fara lissafi da shi. A rubuta yarjejeniyar da Hausa a gaban shaida, a bayyana ranakun aiki da ranar biya da wanda zai ɗauki asarar kayan da suka lalace.

Ki kuma ja musu kunne a kan iyakar abin da za su faɗa. Garinki abinci ne, don haka ba su da hurumin cewa yana maganin ciwon suga ko hawan jini, kuma ba za a tallata shi a matsayin madadin nonon uwa ba, domin jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa zalla ake so ya sha. Ruwan damun ya zama tafasasshe, kuma ba a maimaita kofi ɗaya ga mutum biyu ba tare da wanki ba.

Kafin ranar farko, ki je da kanki ki gaida sarkin kasuwa, ki nemi wuri, ki biya abin da aka saba biya. Lokacin kaka ya fi dacewa, tunda an kawo amfanin gona gida kuma akwai kuɗi a hannun mutane, sannan a watan azumi babu ɗanɗano da rana. Daga ƙarshe, ki tabbata akwai mai tireda ko mai kanti a garin, wanda kika ajiye wa kayan, ki kuma riƙa duba littafinsa bayan kowace kasuwa, domin abin da ya sayar bayan jakadunki sun tafi shi ne zai nuna miki wanda za ki ci gaba da aiki da shi.