Na biya rabin kuɗin furojet amma zuciyata ta ƙi kwanciya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ajin ƙarshe ne a sashen tattalin arziki, saura wata biyu mu yi difens (kare furojet a gaban malamai) kuma har yanzu chafta ɗaya kawai na rubuta, ita ma sufabaiza ya cika ta da jan biro. Wani a guruf ɗinmu na WhatsApp ya turo lambar masu rubuta furojet ta intanet, suka ce naira dubu 60 daga chafta 1 zuwa 5 har da data, na tura musu rabi. Abokaina sun ce kowa haka yake yi, malaman ma ba karantawa suke ba. Amma wallahi tun da na tura kuɗin nan ban samu natsuwa ba. Dan Allah in ƙarasa biya ko in haƙura? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena. Ka haƙura da dubu talatin ɗin nan, kar ka ƙara musu ko sisi. Na san kuɗi ne masu yawa a wurin ɗalibi, wataƙila ma ranto su ka yi, amma asararsu ta fi sauƙi a kan abin da ke jiranka in ka karɓi aikin.

Yawancin masu wannan sana'a ba zama suke su yi maka bincike ba, tsohon furojet ne a kwamfutarsu, a canza sunan gari a canza shekara a turo maka, kuma shi ɗin dai za a sayar wa wani a wata makarantar. Datar da suka ce za su haɗa maka fa, daga ina? Ba wanda zai ɗauki kwashaniya, wato takardar tambayoyin bincike, ya shiga Kantin Kwari ko Singa domin kai, a ɗaki za a ƙirƙiri lambobin. Na taɓa zama a wani difens, eksitana, wato malamin da ya zo daga wata jami'a domin jarrabawa, ya buɗe chafta ta 4 ya ɗora yatsa a kan wani teburin lambobi da ke ciki ya ce wa yaron, mutum 200 ka ce ka tambaya, a wace unguwa ka same su? Yaron nan ya tsaya gumi na zuba ta cikin kwat ɗin da ya aro, yana ta juya takardu, daga baya aka ga sunan wata jihar da aka manta ba a goge ba a shafi biyu. Har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya sosu, don ba daƙiƙi ba ne, tsoro ne ya kai shi.

Zancen wai malamai ba sa karantawa, to ko wani bai karanta ba yanzu na'ura tana karantawa. Jami'o'i da yawa suna saka aikin ɗalibai a Turnitin, manhajar gano rubutun da aka kwafo, kuma a 2021 kwamitin shugabannin jami'o'in Najeriya ya ƙaddamar da tasa manhajar mai suna EagleScan don kama satar rubutu. Abin ma bai tsaya kan ɗalibai ba, Ostareliya ta haramta wannan sana'a da doka a 2020, Ingila ta bi sahu a 2022. Kuma ba ya wucewa don an ba ka shaidar kammalawa. A Jamus a 2011 jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaro Guttenberg saboda kwafe rubutun wasu, dole ya ajiye muƙaminsa. Ga kuma shafin nan na farkon furojet inda za ka sa hannu cewa aikinka ne, kai da ka san hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, ina ganin shi ne yake hana ka barci.

Ba kowane biyan kuɗi ne laifi ba fa, kar ka ruɗe. Ka biya a buga maka abin da ka rubuta a kafe, ko a yi maka bandin, ko wani ya zaunar da kai ya koya maka manhajar nazarin data ta SPSS har ka iya da hannunka, duk ba komai. Wanda zai yi maka tunanin da rubutun ka sa sunanka, shi ne ba a yarda da shi ba.

Wata biyu ya isa in ka daina ɓuya. Gobe ka je ofishin sufabaiza da chaftar nan mai jan biro, ka ce Malam na makara kuma na ruɗe, a taimaka a rage min faɗin batun. Zai yi faɗa, ka daure ka saurara. Maimakon dukkan ƙananan 'yan kasuwar Kano ka ɗauki layi ɗaya a kasuwa ɗaya, ka raba kwashaniya daidai ƙarfinka da ƙafarka, in 70 suka dawo ka rubuta 70. Sati biyu karatu a laburare da Google Scholar, sati biyu kasuwa, sauran rubutu da gyara.

Su kuma mutanen can kar ka tura musu lambar rajistarka ko sunan sufabaizanka, don akwai masu juyowa su yi wa ɗalibi barazanar kai ƙararsa makaranta in bai ƙara kuɗi ba. Ka rubuta musu sau ɗaya cewa ka fasa, in sun dawo da wani abu to, in sun turo fayil kar ka ma buɗe shi. Ka sake rubuto min bayan kun haɗu da malamin naka in ji yadda kuka yi.