Ba ni da madubin hangen nesa, ta ina zan fara ilimin taurari?

Ɗan'uwa, idonka ya isa. Fita bayan gari a daren da babu farin wata, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Kauce wa lokacin hazon hunturu.

Fara da Zara, wadda ke haskawa a yamma bayan magariba a wasu watanni. Ita ce dai Gamzakin asuba, wato Zuhura. Duniya ce mai zagaya rana irin tamu, hasken rana take mayarwa, kuma kusancinta da mu ne ya sa ba ta ƙyaftawa kamar taurari. Ranar da na gane haka, na daɗe tsaye a tsakar gida ina kallonta.

Sai ka nemi Kaza da 'Ya'yanta, wani ɗan gungun taurari ne, yawancin mutane taurari shida suke iya ƙirgawa a cikinsa.