Saba ta daskare kana gida: na'ura za ka saya ko yaro za ka ɗauka?

Wani ɗan kasuwa mai sayar wa ɗalibai katin intanet a Samaru ya aiko da tambaya. A Tudun Wada yake zaune, kuma duk lokacin da sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke tafiyar da intanet ɗin shagon, ta daskare da dare sai ya nemi abin hawa ya je ya kashe ya kunna. An tallata masa na'urar da ke yin wannan daga nesa. Ya saya, ko ya ɗauki yaro ya riƙa kwana a shagon?

Malam, kafin ka zaro kuɗi, ɗauki biro ka rubuta cinikin da ke wuce ka a kowace awa da intanet ya tsaya, ka haɗa da kuɗin mota. Jimillar wata guda ita za ta faɗa maka iyakar abin da ya dace ka kashe.

Sannan ka fara da na kyauta. A saitin BIOS, wato saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta kafin ta gama tashi, akwai wurin da ake umartar kwamfuta ta tashi da kanta da an dawo da wuta. Idan rawutarka, wato na'urar da ke rarraba intanet, ƙirar MikroTik ce, tana da mai gadi a cikinta da ake kira Watchdog, wanda ke sake kunna ta idan ta daina amsawa. Idan kuma sabar Dell ce ko HP, ko da 'yar gwanjo, leƙa bayanta. Ramin waya mai rubutun iDRAC ko iLO wata 'yar kwamfuta ce daban, mai aiki ko sabar tana kashe muddin akwai wuta a jikinta. Ta nan za ka ga zafin injin da lafiyar fanka, ka kashe ka kunna daga wayarka. Mutane da yawa sun biya kuɗinsa ba su taɓa soka masa waya ba.

In babu wannan, soket mai Wi-Fi irin na Sonoff ko Tapo ya isa kashewa da kunnawa, sai dai yanke wuta haka kwatsam na iya lalata bayanai, don haka kada ya zama na kullum. Na'urar PiKVM, da ake haɗawa kan wata ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, ta fi tsada amma tana nuna maka allon sabar gaba ɗaya daga nesa.

Ga inda 'yan talla ke yin shiru: idan na'urar ta dogara da rawutar da ta maƙale, ta ina umarninka zai shiga? Ka ba ta modem ɗinta da layin wani kamfani daban, ka ɗora su kan infata. Ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita, kada kuma ka buɗe ta ga intanet kai tsaye sai ta VPN, wato keɓantacciyar hanyar shiga mai tsaro, in ba haka ba ka bar makulli a jikin ƙofar shago.

Batun yaro kuwa, albashi kowane wata ne, na'ura sau ɗaya ake saye. Amma ba ta zuba mai a janareta, ba ta kaɗe ƙurar hunturu. Ka daidaita da maigadin layinku ko maƙwabci amintacce, ka riƙa ba shi ɗan ihsani duk ranar da aikin ya buƙaci hannu.